Kwana Ukun da Na Ƙara a Gandun Malaina

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki a durƙushe, kamar yadda kika koya mini in yi a bakin ƙofar ɗakinki, tare da fatan kina cikin sauƙi da yalwa a inda Allah Ya ajiye ki. Mu nan lafiya gwargwado. Gidan yana nan inda kika bar shi, sai dai an sake katangar gabas da bulo, yaran kuma duk sun watse, kowa yana garin da abincinsa ya kai shi. Ni kaɗai nake buɗe zauren da safe, ni nake rufe shi.

Ban taɓa rubuto miki takardar da kika karanta da idonki ba. Yaya Hajara ce take karanta miki, kina kaɗin zare kina saurare, in ta zo wurin da na ce ina cin abinci sosai sai ki ce, “Ƙarya yake yi, wuce gaba.” Wannan ma na san wasu ne za su karanta. Su karanta ɗin. Na kai shekarun da ba ni da sauran abin ɓoyewa sai guda ɗaya, shi ne kuma dalilin wannan takarda.

Malam Bulus ya rasu, Inna. Direban nan na ofishinmu, mutumin Wusasa, dogon nan mai cire takalmi tun daga bakin zaure, wanda kike ba ƙullin ƙuli-ƙuli da yaji ya kai mini daji. Makon jiya na je ta'aziyya. Na zauna a rumfa cikin mutanen cocinsu, babu wanda ya gane ni sai matarsa, ita ma sai da na faɗi sunana sau biyu.

Bari in faro miki daga farko, ko da yake kin san rabinsa.

Shekarar da aka canja hannun tuƙi na sami aikin. Kin tuna yadda kika hana ni hawa keke zuwa Tudun Wada har mako guda, kina cewa sai direbobi sun gama rikicewa tukuna. Da na zo miki da takardar ɗaukar aiki, kika ajiye mazari kika ce in yi miki bayani da Hausa, ba da bakin 'yan boko ba.

Na ce miki gwamnati ta shuka itatuwan malaina a wani gandu, tafiyar rabin yini a mota kudu da Zariya. In damina ta kankama sai wata baƙar tsutsa mai ratsin rawaya ta fito ta cinye ganyen tas, itace ya tsaya tsirara a tsakiyar ruwa kamar a rani. In aka jera shekara biyu ko uku haka, sai ya tsumbure ko ya bushe. Amma wani sa'in, idan tsutsar ta yi yawa ƙwarai, wata cuta takan faɗa mata ta ƙarar da ita cikin 'yan kwanaki. Shugabanmu, wanda muke kira Dakta, yana son a kamo cutar nan a kwalba a adana, a riƙa fesa ta a maimakon magani mai guba. Ni aikina in zauna a dajin daga farkon damina har kaka, in ƙirga tsutsa, in jira ranar da cutar za ta sauka.

Kika daɗe kina kallona. Sannan kika ce, “Kowa a duniya in ya ga marar lafiya sauƙi yake roƙa masa. Kai kuma, Auta, an ɗauke ka aikin jiran cuta.” Kika ɗauki mazarinki, kika ce Allah Ya sa albarka.

Ban gane a lokacin ba cewa ke ma da tsutsa kike ci da mu. Tun rasuwar Baba, zaren tsamiya ne ya riƙe gidan nan. Mutanen ƙauye su kawo miki gidan tsutsar, jan buhun nan da take saƙa wa kanta a jikin doka ko tsamiya, ki dafa shi da ruwan toka, ki shanya, ki tsefe da yatsu, ki zauna kaɗi daga hantsi har la'asar. Maɗinkan unguwarmu ba su yarda su ɗora aska takwas a babbar riga da zaren kowa sai naki. Ni kuwa na tashi ina ganin abin kamar tuwo, kullum yana nan, ban taɓa tambayar daga ina ba.

Dajin nan, Inna, ban taɓa faɗa miki gaskiyarsa a takarda ba.

Ɗaki ɗaya ne na kwano a gefen gandun, da gadon ƙarfe, da risho, da akwatin kwalabe. Ƙauye mafi kusa tafiyar awa guda ce a ƙafa. Itace arba'in na shafa wa jan fenti, kowace safiya in bi su ɗaya bayan ɗaya, in shimfiɗa farin ƙyalle a gindi, in girgiza reshe, in ƙirga abin da ya faɗo, in rubuta da fensir don biro ba ya jure ruwa. In na gama na arba'in rana ta take tsaka. Sauran yinin kuma nawa ne, ban san abin da zan yi da shi ba.

Ni da na tashi a cikin birni, inda ba ka taku goma ba ka gaisa da mutum uku ba, sai ga ni ina yin kwana shida ban buɗe baki ba sai a salla. Ni ne ladan, ni ne liman, ni ne mamu. Har na kama kaina ina yi wa tsutsa sannu da aiki. Ranar Talata kaɗai nake jin sunana a bakin wani, in Malam Bulus ya zo da Landiroba ya kawo kananzir da gari da ƙullinki. Yakan zauna mu ci abinci, ya ba ni labarin gari, ya ce, “Inna ta ce ka rage zama a raɓa.” In ya tafi nakan tsaya a hanya ina sauraren ƙarar motar har ta ɓace, sannan in ƙara tsayawa kaɗan.

Daminar farko na isa a makare, an riga an yi cutar an gama, sai busassun fatu na tarar a jikin rassa. Na tattaro 'yan kaɗan a kwalba na zo da su gida don in nuna miki aikina. Ba ki bari na wuce zaure da ita ba.

“Kada ka shigo mini da annoba ɗaki,” kika ce. Kika sa Yaya ta zuba mini ruwa na wanke hannu da sabulun salo har sau biyu kafin ki yarda in zauna kusa da taskirarki. Da na zauna kika tambaye ni, murya ƙasa-ƙasa, “Ita cutar taku, ta san tsutsar banza da tsutsar arziki? In kun fesa ta a daji, wa zai ce mata ta tsallake doka?”

Na yi dariya na ce Dakta ya ce kowace cuta da irin tsutsarta. Kika ce, “Shi ya ce. Kai ka gani?” Ban gani ba.

Damina ta biyu ita ce ta farin nan da aka sha wahala. Ruwa ya ƙi, ganye ya ƙi, tsutsar ma ba ta fito da yawa ba. Na yi wata huɗu ina girgiza rassa a banza. A cikin wannan daminar ce kika aiko a ce in zo ba ki da lafiya. Na bar komai na taho hankali a tashe, na tarar da ke a tsakar gida kina tsefe tsamiya, zazzaɓi ne na kwana biyu har ya sake ki. Kika ce, ba ko kunya, “To, ai na gan ka.” Na ji haushi, ban nuna ba. A ofis kuwa aka ja mini kunne a kan barin wurin aiki.

Ba don in wanke kaina na kawo wannan ba. Na kawo shi ne don ki san da abin da na yaudari kaina daga baya.

Damina ta uku ruwa ya dawo, tsutsar ma ta dawo kamar mai ramuwa. Ban taɓa ganin irin wannan ba. In ka tsaya a cikin gandun rana tsaka, sama garau, sai ka ji kamar ana yayyafi. Kashinta ne yake zuba a kan busasshen ganye. Cikin mako biyu na fara ganin sama ta wuraren da a da inuwa ce.

Dakta ya yi tafiya a lokacin. Kafin ya tafi ya ce mini in cutar ta sauka kada in ɓata ko yini ɗaya, domin ruwan sama ɗaya mai ƙarfi ya isa ya wanke komai, sai kuma wata shekara, in ma an dace. Ya kuma ce in na kawo abin kirki zai sa sunana cikin waɗanda za a tura kwas Ibadan.

Ranar wata Litinin na ga alamar farko. Wasu sun daina ci, sun kumbura, launinsu ya koɗe. Da safiyar Talata na tarar sun hau can ƙololuwa, sun rataye kai ƙasa, dubbai, ko'ina na ɗaga ido. In ka taɓa ɗaya da tsinke sai ta fashe ta zama ruwa. Wari ya cika dajin. Kwana biyu ke nan ba a yi ruwa ba, sama kuma ba gajimare. Abin da na jira shekara uku ya zo, ni kaɗai a wurin, babu wani da ya san yadda ake ɗiba.

Ina kan tsani na ji Landiroba. Malam Bulus bai sauke kaya ba, bai yi sallamar da ya saba ba. Ya zo gindin itacen ya ɗaga kai.

“Malam Sa'idu, sauko ka shiga mota. Na biya ta gida. Inna ta faɗi jiya a tsakar gida, hannun dama da ƙafa ba su motsi. Amma tana magana. Ta ce a kira mata Auta.”

Na sauko. Na tambaye shi ko tana cin abinci, ya ce an ce tana shan kunu. Na tambaye shi ko ta gane mutane, ya ce ta gane. Kowace tambaya na yi, ƙofar fita nake nema, shi ma ya sani. Na dubi sama, na dubi kwalaben da na jera a ƙyalle, na tuna bara. Na ce masa ranar Juma'a.

Ya ce, “Uwa ce fa.”

Na ce kwana uku ne kawai, in na bar wannan shekara uku sun tafi a banza. Ya koma ya zauna a kan murfin injin, ya yi kusan awa guda, ko ruwa bai sha ba, yana jira ko zan canja. Ni kuwa na koma kan tsani na juya masa baya. Da ya tashi tafiya na bi shi har bakin mota na ce, “Ka wuce ofis kai tsaye. Kada ka bi ta gida.” Ya dube ni, ya tayar da mota.

Ga abin da ya fi yi mini nauyi, Inna. Da a ce na yi kwana ukun nan cikin kuka da zullumi, da na sami abin riƙewa. Ba haka aka yi ba. Aikin ya yi kyau, na kuma ji daɗinsa. Ina ɗaukar gawar tsutsa da hantsaki a hankali don kada ta fashe, ina sa wa a kwalba, ina rubuta lambar itace da rana. Ranar Laraba tun daga fitowar rana har azahar ban tuna da ke ba ko sau ɗaya. Sai da na zauna alwala na ga ƙullin yajinki a kan taga, sannan na tuna. Na yi salla, na yi miki addu'a, na koma kan tsani.

Ranar Alhamis da la'asar na cika kwalba ta ƙarshe. Ruwa bai sauko ba sai bayan na bar dajin.

Juma'a da hantsi Malam Bulus ya zo. Ba mu yi magana a hanya ba sai abin da ya zama dole. Mun shigo ta Ƙofar Gayan ana sakkowa daga masallaci, mota tana tafiya da ƙyar cikin mutane, kowa fes cikin farar riga, ni kuwa ina jin warin dajin a jikina. A zaure na tarar da Baffa da maƙwabta. Baffa ya ce, “Sai yanzu?” Na ji bakina yana cewa ruwa ne ya cinye hanya, sai yau da safe saƙon ya same ni. Malam Bulus yana bayana riƙe da jakata. Ya ajiye ta a hankali, ya gaida mutane, ya fita.

Na shiga ɗakinki. Kina kwance a ɓarin hagu, idonki biyu, bakinki ya karkace. Yaya ta ce tun jiya Alhamis da hantsi abin ya sake bugunki, maganar ta ɗauke.

Na durƙusa na ce, “Inna, ga ni.” Kika dube ni. Na shekara arba'in da ɗoriya ina juya wannan kallon a raina, ban gano abin da ke cikinsa ba.

Kwana tara kika ƙara. Ni nake ba ki kunu da cokali, ni nake juya ki in ɓarin ya gaji. Kafin in taɓa ki nakan wanke hannu da sabulu har fata ta yi fari, don ina jin kamar warin bai fita ba. Wani lokaci ki kama yatsana da hannun hagu ki riƙa murza shi tsakanin babban yatsa da manuni, yadda kike murza zare. Ban san ko magana ce kike yi mini ba, ko hannun ne kawai yake tuna aikinsa. Sau da yawa na buɗe baki zan faɗa miki, sai wani ya yi sallama, ko in ce bari ki ɗan ji sauƙi tukuna. Ranar Lahadi da hantsi kika cika, Yaya tana riƙe da kanki, ni ina wajen ƙafafunki.

Bayan sadakar bakwai na koma daji, domin damina ba ta ƙare ba. Gandun ya yi tsit. Tsutsar ta ƙare, malaina ta fara fitar da sabon toho. Ba ni da abin ƙirgawa, ba ni da mai aiko mini da ƙulli. Ranar Talata Malam Bulus ya kawo kananzir da gari, ya ajiye, muka ci abinci, kowa yana kallon kwanonsa.

A wannan zaman ne na tuna tambayarki, ko cutar za ta tsallake tsutsar arziki. Na shiga dajin doka da ke bayan gandun na samo tsutsar tsamiya, na zuba su a akwati mai raga, na shafa wa ganyensu ruwan cutar na ba su. Babu wanda ya sa ni, ba ya cikin aikin ofis. Kullum da safe in buɗe akwatin in duba. Suka ci, suka ƙoshi, ba ko ɗaya da ta rataye. Da lokacinsu ya yi suka taru a kusurwa suka fara saƙa. A gwajin nan nawa dai, cutar ta tsallake su. Na gani da idona, Inna, kamar yadda kika nema. Na tsaya a gaban akwatin da amsa a bakina, na rasa wanda zan gaya wa. A ranar ce na yi kukan da ban yi ba a maƙabarta.

Da kaka na zo da gidan tsamiyar gida, na ba wata maƙwabciyarmu mai kaɗi. Ban tambaye ta abin da ta yi da shi ba.

Za ki so ki san ko kwalaben sun yi amfani. Sun yi, gwargwado. Shekarar da ta biyo an fesa ruwan a wani ɓangare na gandun, ganyen wurin ya tsira. An tura ni kwas ɗin. An rubuta rahoto, sunana yana can ƙasa cikin waɗanda aka gode wa. Da wannan aikin na yi aure, na riƙe gidan nan, na sa yara makaranta. Gandun kuwa, da na bi ta wurin shekarun baya, masara na gani da 'yan kututture. Ba na cewa aikin banza ne. Amma na sha auna shi da kwana biyun da kika yi kina da baki ba na nan, bai taɓa rinjaya ba.

Ni da Malam Bulus mun ƙara damina goma sha ɗaya tare. Da Salla in aika masa da nama, da Kirsimeti ya aiko mana da shinkafa. Ya halarci sunan 'ya'yana duka. Bai taɓa tayar da maganar ba, ko da wasa, ko da ido. Abu ɗaya kawai na lura: tun daga ranar bai sake ce mini “shiga mota” ba. Sai dai ya buɗe ƙofa ya tsaya.

Da na baro gidan ta'aziyyar, ina cikin adaidaita, dutsen Kufena yana gefena, sai na ji wani irin kaɗaici da ko a daji ban ji ba. Mutum ɗaya ne a duniya ya san ainihin abin da na yi, ya kuma ci gaba da cin abinci kwano ɗaya da ni. Yanzu babu shi. Da muka shigo ta Ƙofar Kuyambana na ce wa mai keken ya wuce da ni Kwarbai, gidan ɗan Yaya Hajara, inda take zaune yanzu.

Ta tsufa, Inna. Ta fi ki tsufa nesa, idonta ya yi rauni, amma kanta garau. Na zauna a bakin tabarmarta na faɗa mata komai, tun daga tsani har zaure, ban rage ba. Ta bar ni na gama tana jan carbi.

Sannan ta ce, “Na sani.”

Na ce ta yaya?

Ta ce, “Bulus ya biyo ta gida ranar Talatar da la'asar. Ya ce ka hana shi, amma ba zai iya barinmu muna jiran mota ba. Ya ce ya isar maka da saƙo, ka ce sai Juma'a. Ya roƙe ni kada in gaya maka ya zo.”

Na tambaye ta abin da ta faɗa miki. Ta ce ta shiga ta ce miki rafi ya cika, mota ta kasa ƙetarewa. Ta ce kika juya ido kika dubi sama ta ƙofa, sama wankakkiya, kwana da kwanaki ko ɗigo ba a yi ba. Ba ki ce mata komai a kan rafin ba. Kika ce kawai a naɗe asabarin ƙofa, a juya miki shimfiɗa ta fuskanci hanyar zaure.

“Haka ta kwanta,” in ji Yaya, “Talata, Laraba, har safiyar Alhamis. In an yi sallama ta ɗaga kai. In ta ga ba kai ba ne ta mayar.”

Na ce don me ba ta taɓa faɗa mini ba, shekaru duk waɗannan? Ta ce, “Me za ka yi da shi? Na ga yadda kake wanke hannu.” Ta sa aka kawo mini ruwa. Ta tambaye ni ciwon gwiwata. Da zan tafi ta ce in riƙa zuwa, mu biyu muka rage.

To, Inna, kin ji. Na zaci ni kaɗai nake ɗauke da abin, ashe mu huɗu ne, kowa ya yi shiru don ya rufa mini asiri, har da ke. Ban san ko kin yi fushi ba. Yaya ma ta ce ba ta sani ba, ba kuma za ta ƙirƙiro mini magana ta sa a bakinki ba. Ba na neman ta ƙirƙiro. Ina so ne kawai in faɗa da bakina, tun ina da bakin: ba rafi ba ne, ba hanya ba ce, ba Malam Bulus ba ne. Kin kira ni ranar Talata, na ji, na ce sai Juma'a.

Ki yafe mini, Inna.

Allah Ya jiƙan ki da rahama, Ya yalwata makwancinki, Ya haskaka shi. Allah Ya sa ciwon nan na kwanaki ya zama kaffara, Ya saka miki da Aljanna a kan kowane zare da kika kaɗa don mu ci. Allah Ya ba Yaya lafiya, Ya ba iyalin Malam Bulus haƙuri. Ni kuma Allah Ya yafe mini, Ya sa in cika da kyau da imani. In Ya ƙaddara mana saduwa, kada Ya sa ki jira ni a wannan karon fiye da abin da Shi Ya rubuta.

Wassalam.

Ɗanki,
Auta Sa'idu,
Birnin Zariya.